Babi na Bakwai: Gishiri, Tsatsa da Daben Gada

Duk wanda ya taɓa fakewa rana a ƙarƙashin tsohuwar gadar sama, in ya ɗaga kai, ya ga abin: jan zane ya zubo a jikin kankare, wani wuri ya ɓantale, rodi ya fito fili yana ɓarɓashi. Tambayar da ke zuwa bakin mutum ita ce, ashe kankare ma yana ruɓewa? Ai mun ɗauka dutse ne. An ce mana gada aikin shekara ɗari ce, to me ya ci wannan tun ba ta cika arba'in ba?

Amsar da muka fi saurin bayarwa ita ce an ci kuɗin siminti. Sau da yawa haka ne. Amma akwai gadoji a Kanada da Ingila da Amurka da aka gina bisa ƙa'idar zamaninsu, injiniyoyi na tsaye a kan aikin, duk da haka suka tsufa kafin lokacinsu. Abin da ya ci su ruwa ne mai gishiri. Maganin da aka fi dogara da shi kuwa wata 'yar shimfiɗa ce da kaurinta bai wuce milimita 2 zuwa 5 ba, wadda ake binnewa tsakanin kankare da kwalta, babu direban da ya taɓa ganinta.

Amanar da ke tsakanin rodi da kankare

Kankare gwani ne wajen jure nauyin da ya danne shi, amma rago ne in aka ja shi ko aka nemi lanƙwasa shi. Shi ya sa ake saƙa rodi a cikinsa, kankare ya ɗauki danniya, ƙarfe ya ɗauki ja. Daben gada, wato shimfiɗaɗɗen kankaren da motoci ke bi ta kansa, kaurinsa yakan tsaya tsakanin santimita 20 da 25. A cikinsa akwai saƙar rodi hawa biyu, ɗaya kusa da sama, ɗaya kusa da ƙasa. Abin da ya raba rodin sama da fuskar daben kankare ne na wajen santimita 5. Iyakar garkuwar ke nan.

Ƙarfe in aka yar da shi a waje, damina ɗaya ta isa ya yi ja. To me ya hana wanda ke cikin kankare yin haka? Wani zai ce ai ruwa ba ya shiga. Yana shiga. Kankare cike yake da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, kuma duk birkilan da ya taɓa yayyafa wa bulo ruwa ya ga yadda yake shanye shi nan take. Sirrin yana cikin kaifin siminti. Leburan da ya wuni yana kwaɓa siminti ba safar hannu ya san yadda yake cin fata. Wannan kaifin, wanda in aka auna shi da ma'aunin pH yakan kai wajen 13, shi ke sa wata 'yar fata siririya ƙwarai ta fito a jikin rodi ta lulluɓe shi. Muddin tana nan, tsatsa ba ta samun wurin kamawa, ko da akwai danshi.

Abu biyu ke lalata wannan fata. Na farko iskar kabon dayoksaid ce, wadda ke ratsa kankare daga waje tana rage masa kaifi. Tafiyarta ta hawainiya ce. A kankare mai kyau sai ta yi shekaru gommai ba ta isa rodi ba. Na biyu, wanda ya fi ɓarna kuma ya fi sauri, shi ne kuloraid, ɗaya daga cikin sinadarai biyu da suka haɗu suka yi gishirin da muke sa wa miya. Da zarar gishiri ya narke, kuloraid sai ya bi ruwa cikin ƙofofin nan, yana nutsawa kaɗan-kaɗan. Ba ya buƙatar yawa. In abin da ya taru a kusa da rodi ya kai kimanin kashi 0.4 cikin ɗari na nauyin simintin wurin, wato kamar giram 200 a kan kowane buhu mai kilo 50, fatar ta fara hujewa ke nan.

Daga nan sauran aikin na tsatsa ne. Tsatsa kumbura take yi; takan ci wurin da ya ninka na ƙarfen da ta cinye sau biyu har zuwa shida. Ba ta da inda za ta je, sai ta riƙa tura kankare daga ciki, shi kuwa mun ce ba ya jure ja. Sai ya tsage. Tsagar ta zama babbar hanyar ruwa, ruwa ya kawo ƙarin gishiri, tsatsa ta ƙaru, har saman daben ya rabu da ƙasansa ya fara ɓantalewa. Wannan ma da sauƙi, tunda ido na gani. Mafi muni shi ne kuloraid yakan zaɓi wuri ɗaya a jikin rodi ya yi ta ƙwaƙule shi har ya kusa yanke shi biyu, alhali daga waje babu alamar komai.

Wa ke zuba wa gada gishiri?

Mai karatu a Kano ko Damagaram yana da hakkin ya yi wannan tambaya. Amsar ita ce hukuma, da gangan, da manyan motoci, duk shekara.

A ƙasashen sanyi ruwan da ke kan titi yakan daskare ya zama ƙanƙara mai santsi, birki ya daina aiki. Gishiri yana hana ruwa daskarewa sai sanyi ya yi ƙasa sosai da sifili, ga shi da araha. Tun daga shekarun 1950 da 1960, lokacin da Amurka da Turai ke ta shimfiɗa manyan hanyoyi, aka ɗauki al'adar watsa shi a tituna duk lokacin hunturu. A yau Amurka kaɗai tana zuba wajen tan miliyan 20 a shekara. Ba laifin hukuma ba ne. Gishirin ya ceci rayuka masu yawa. Sai dai gada ce ta fi shan sa, domin ita ke fara daskarewa: titi yana kwance a kan ƙasa mai ɗumi, gada kuwa iska mai sanyi na bugunta sama da ƙasa. Ga kuma wata wahalar: ruwan da ya shiga tsaga in ya daskare yakan ƙara girma da kusan kashi 9 cikin ɗari, ya buɗa tsagar, ya narke, ya sake daskarewa, sau da yawa a hunturu ɗaya.

Gadar sama ta Hammersmith a birnin Landan an buɗe ta a 1961. Masu zanenta sun hango matsalar, har suka binne wayoyin lantarki a cikin titin don su riƙa ɗumama shi, kada a buƙaci gishiri. Kuɗin wuta ya yi yawa, na'urar kuma ta zo ta lalace, sai aka koma watsa gishiri kamar kowace hanya. Ruwan gishirin ya yi ta tsiyaya cikin gadar yana cin igiyoyin ƙarfen da suka ɗaure sassanta wuri ɗaya. A Disambar 2011, ana saura kwana biyu Kirsimeti, aka rufe ta cikin gaggawa, watanni kaɗan kafin gasar Olamfik ta 2012. A Mantiriyal ta Kanada, tsohuwar gadar Champlain da aka buɗe a 1962 ba a yi mata magudanar da za ta kawar da ruwan gishiri daga jikin manyan katakon kankarenta ba. An yi ta faci har aka gaji, aka gina sabuwa, aka rufe tsohuwar a 2019, tana da shekara 57.

Waɗannan asarar kuɗi ce. Ta garin Laval, kusa da Mantiriyal, ta rayuka ce. Ranar Asabar 30 ga Satumba 2006, mutane suka buga waya cewa guntun kankare ya faɗo daga gadar De la Concorde. Ma'aikacin sintiri ya zo, ya duba, ya ɗauke guntun, ba a rufe hanya ba. Cikin kimanin awa ɗaya wani sashe na gadar ya rufto kan motocin da ke wucewa ta ƙasa, mutum biyar suka mutu, shida suka ji rauni. Kwamitin binciken da tsohon firimiyan lardin Kebek, Pierre Marc Johnson, ya jagoranta ya samu kurakurai a zane da yadda aka jera rodi da ingancin kankaren kansa. Amma cikin abubuwan da ya ce sun taimaka wa ɓarnar har da rashin shimfiɗar tare ruwa ta kirki a kan daben, ko a gyaran da aka yi wa gadar a 1992 ba a cike wannan giɓin ba.

Shimfiɗar da ba a gani

Mutane da yawa sun ɗauka kwalta kanta tana tare ruwa. Tana ragewa dai. Kwaltar titi tsakuwa ce da yashi da aka cuɗa da baƙin mai, akwai 'yan gurabe a tsakaninsu, kuma tana tsagewa da tsufa. Ruwan da ya ratsa ta sai ya kwanta a kan kankare, a inuwa, ba rana ba iska, ya daɗe bai bushe ba. Daben da aka rufe da kwalta zalla wani lokaci ya fi wanda aka bari tsirara shan wuya.

Maginan gargajiya na ƙasar Hausa sun san wannan darasi tun kafin siminti ya zo. Rufin soro azara ce da ƙasa, kuma magini ya san ƙarfinsa na nan muddin ruwa bai kai ga azara ba. Don haka ba ya barin ƙasar haka nan. Sai ya bi ta da yaɓen makuba, ko laso da ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara. Ya karkata rufin kaɗan, ya kafa indararo don ruwa ya zuba nesa da bango, kafin kowace damina kuma a hau a duba. Azara ita ce rodi, ƙasa ita ce kankare, laso shi ne shimfiɗar da muke magana a kai. Kuma kamar yadda laso ba ya amfani in indararo ya toshe, haka abin yake a gada. Za mu zo kan wannan.

A Birtaniya tun tsakiyar shekarun 1960 aka wajabta sa wannan shimfiɗa a gadojin manyan hanyoyi, yawancin ƙasashen Turai ma haka suke yi. Iri biyu ne manya.

Akwai ta naɗi, wadda ke zuwa daga masana'anta a nannaɗe, faɗinta wajen mita ɗaya, kaurinta milimita 4 zuwa 5. Baƙin mai ne da aka gauraya da roba don kada ya yi tauri ya karye a sanyi ko ya narke a zafi, da wani ƙyalle mai ƙarfi a tsakiya. Ma'aikaci na tafe yana warware ta, yana gasa ƙasanta da wutar gas, tana narkewa tana kama kankare. 'Yar uwarta ce ake sa wa rufin dekin da ke yoyo a gidajenmu. Kyanta shi ne kaurinta ɗaya ne ko'ina, tunda inji ya yi ta. Rauninta yana bakin da falle ya hau kan falle, da lungunan da ba ta son lanƙwasawa: gindin dakalin masu tafiya a ƙafa, kewayen bututun magudana.

Akwai kuma ta ruwa-ruwa, wadda ake fesawa ko a shafa ta daskare a wurin. Wata baƙin mai ce mai roba da ake dafawa a zuba da zafinta, kamar yadda aka saba a lardin Ontariyo, sannan a ɗora mata allunan kariya. Wata kuma sinadarai biyu ne da ke haɗuwa a bakin bindigar feshi, cikin ƙasa da awa ɗaya sun zama fata mai taushi ta wajen milimita 2, ba ɗinki ba mahaɗi, ta bi kowane lungu. Ita kuma rauninta yana hannun mai feshin: in ya yi sauri a wani wuri sai ta yi siriri. Shi ya sa wasu kamfanoni ke yin ta shafi biyu masu launi daban-daban, in na ƙasa ya leƙo an san na sama bai rufe ba. Jamusawa kuma sun fi son ɗora wa tasu wata kwalta mai yawan mai da ake zubawa a narke, wadda kusan ba ta da gurabe, ta zama kariya ta biyu.

Wace ta fi? A ganina wannan gardamar ta dillalai ce. Kowace daga cikinsu tana iya yin shekara 20 zuwa 30 in an sa ta daidai, kowace kuma tana iya mutuwa tun ranar da aka sa ta.

Ranar shimfiɗawa

Aikin yana farawa ne da haƙuri, abin da ɗan kwangilar da wa'adi ya matsa wa ba shi da shi. Sabon kankare cike yake da ruwa, dole a bar shi ya ƙosa ya bushe, sau da yawa makonni. Akwai gwaji mai sauƙi: a manna ledar da ta kai faɗin tabarmar sallah a kan daben, a liƙe gefunanta, a dawo washegari. In an ga raɓa a ƙarƙashinta, ba a shirya ba.

Bayan haka sai gyaran fuska. Lokacin da aka zuba kankare, wata madarar siminti takan taso sama ta bushe, ga santsi ga rashin ƙarfi. Duk abin da aka manna a kanta tare za su ɓallo. Sai a kawo injin da ke harba ƙananan ƙwallayen ƙarfe ya goge ta, a cike ramuka, a sassabe duk tsinin da zai iya huda shimfiɗar, a hure ƙura. Ɗigon man inji ɗaya daga wata tsohuwar janareta ya isa ya hana wurin kamawa. Sannan a yi shafin farko, mai ruwa-ruwa, wanda ke nutsawa cikin ƙofofin kankare ya toshe su, ya kuma zama abin da shimfiɗar za ta riƙe.

Babban abokin gabar wannan aiki shi ne bororo. Ga yadda yake fitowa. Da hantsi rana ta fara dukan daben, iska da danshin da ke cikin ƙofofin kankare su yi zafi su nemi fita. In a daidai lokacin aka shafa sabuwar shimfiɗa, sai su turo ta daga ƙasa. In tana da sauran laushi su huda ta, su bar rami kamar na allura. In ta fara ƙarfi su ɗaga ta, ta kumbura. Ƙwararru kan jira sai rana ta karya, bayan la'asar, lokacin da kankare ya fara hucewa yana jan iska ciki maimakon fitar da ita. Amma kuma ba a bari har raɓa ta kusa sauka; ƙa'ida ita ce zafin daben ya ɗara ma'aunin saukar raɓa da aƙalla digiri 3. Tsakanin waɗannan biyun, lokacin aikin ba shi da yawa.

In an gama, ba a yarda da ido. Ana bin shimfiɗar feshi da wata sanda mai burushin waya da lantarki a jikinta. Duk inda akwai huda, komai ƙanƙantarta, sai tartsatsi ya tashi na'ura ta yi ƙara, a zagaye wurin da alli a dawo a toshe. Ana kuma manna 'yan faya-fayan ƙarfe nan da can, a ja su da na'ura a ga ƙarfin da za a sa kafin shimfiɗar ta saki. Wannan riƙon ba ƙaramin abu ba ne. Tirela mai kaya in ta taka birki a kan gada, tana tura kwalta gaba da ƙarfin gaske, kuma shimfiɗar ce ke tsakanin kwaltar da kankare. In ba ta kama sama da ƙasa ba, kwalta ta riƙa zamewa tana tattarewa. Na biyu kuma, shimfiɗar da ta kama kankare sosai, ko ta huje a wuri ɗaya, ruwan a nan zai tsaya. Wadda ba ta kama ba, ruwa ya shiga ta huda ɗaya ya malale ƙarƙashinta ko'ina.

Saura haɗari na ƙarshe, wato masu kwalta. Suna zuwa da tifa da injin shimfiɗa da rola, da kwalta mai zafin da ya haura digiri 140, duk a kan abin da bai kai kaurin ɗan yatsa ba. Tsakuwa ɗaya a ƙarƙashin tayar tifa ta isa. Don haka akan fara sa wani siririn hawa na kariya. A Birtaniya a da, an daɗe ana yin sa da kwaltar yashi mai kaurin milimita 20 wadda aka rina ja. Dalilin launin ya burge ni: bayan shekara goma sha biyar ko ashirin, in aka zo sabunta titi, direban injin da ke karce tsohuwar kwalta da ya ga ja ya san ya iso, ya tsaya. Wanda ya yi tunanin wannan ya yi shi ne don wani ma'aikaci da wataƙila a lokacin yana makarantar firamare.

Ruwan da aka tare, ina zai bi?

Shimfiɗa ba ta shanye ruwa, tare shi kawai take yi. Wanda ya ratsa kwalta ya iske ta, dole a ba shi hanya. Shi ya sa ake karkata daben kaɗan, wajen kashi 2 zuwa 2.5 cikin ɗari, a kuma sa ƙananan bututu a wurare masu kwari waɗanda bakinsu ke daidai da fuskar shimfiɗar, ban da manyan magudanun da ke kwashe ruwan saman titi. In babu su, ruwa ya taru a cikin kwalta, kowace taya ta wuce ta matsa shi, har ya raba tsakuwa da mai. Ramukan da ake gani jere a gefen gada sau da yawa daga nan suke. Bututun kuma dole ya sauka ya wuce ƙasan gadar. Wanda aka yanke shi gajere, yana zubar da ruwa a kan ginshiƙi, ya kwashe cutar ne daga sama ya kai ta inda ta fi haɗari.

Sai mahaɗa, wurin nan da mota ke yin ƙara in ta hau gada ko ta sauka. Gada tana miƙewa da zafi tana takurewa da sanyi. Mai tsawon mita 100, in zafi ya sauya da digiri 30, takan motsa wajen santimita 3. Dole a bar mata giɓi, a rufe shi da ƙarfe da roba. Robar nan kuwa ba ta daɗewa. Da ta yage, ruwa ya samu ƙofa kai tsaye zuwa kan ginshiƙai da matasan da gadar ke zaune a kansu. Abin da ya faru ke nan da dogayen gadojin saman da ke kewayen Bamingam, waɗanda aka buɗe a farkon shekarun 1970: ruwan gishiri ya bi ta mahaɗai ya ci kawunan ginshiƙan, aka shafe shekaru gommai ana gyara. Darasin ya sa yanzu a Birtaniya gadar da ba ta wuce mita 60 ba an fi son a gina ta ba mahaɗa sam, a haɗe daben da bangon ƙarshe su zama abu ɗaya.

Masu cewa a bar kankare a fili

Ba kowa ya yarda da shimfiɗa ba, kuma masu ƙin ta ba jahilai ba ne. Jihohi da yawa a Amurka sun fi son motoci su bi ta kan kankare tsirara, su kare rodi ta wata hanya: ƙara kaurin kankaren da ke kansa, rage ruwan kwaɓi don ƙofofi su ragu, da shafe rodin da koren fenti mai tauri na ifoksi, wanda aka fara amfani da shi a wata gada a jihar Fensilbaniya a 1973. Hujjarsu ita ce abin da ka rufe ba ka ganinsa. A kan dabe tsirara, mai duba gada yakan ja sarƙa a ƙasa yana saurare. Inda kankare ke da lafiya sarƙar na ƙara tsantsan. Inda ya rabu daga ciki sai sautin ya koma na ganga. In akwai kwalta da shimfiɗa a kai, kunne ba ya jin wannan sosai, sai an nemo na'urori masu tsada ko an fasa. Shimfiɗar da ta huje a ɓoye tana iya riƙe ruwan gishiri a jikin kankare shekara da shekaru, titi na sheƙi a sama.

Gaskiya ne. Amma abin da hujjar ke nunawa shi ne mummunar shimfiɗa ta fi babu muni. Ba ta taɓa mai kyau ba. Koren fentin ma ba tsira ba ne, domin a gadojin tsibiran Fulorida an ga irin wannan rodi ya yi tsatsa cikin shekaru ƙasa da goma a ginshiƙan da ruwan teku ke duka. Hukuncina shi ne a sa shimfiɗar, a tsaya a kan mai sa ta, a kuma rubuta a littafin gadar shekarar da za a cire ta a sa sabuwa. Gadar da aka zana ta yi shekara 100 ko 120 za ta ci shimfiɗa huɗu zuwa shida a rayuwarta. Kuɗin kowace kaɗan ne in aka gwada da kuɗin fasa dabe a sake zubawa, balle a haɗa da wahalar rufe hanya. Matsalarta ɗaya: ranar buɗe gada babu mai ɗaukar hotonta, don haka ita ce farkon abin da ake sokewa in kuɗi ya gaza.

Mu da ba mu da ƙanƙara

Ba ma watsa gishiri a titi, amma teku na watsa mana. Kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da wajen giram 35 na gishiri, iska kuma na kwasar feshinsa ta kai kan tudu. Gadar Third Mainland ta Legas, mai tsawon kilomita 11.8 wadda aka kammala a 1990, tana tsaye ne a cikin ruwan da ke gauraye da na teku, kuma gyaran da ya sa aka rufe sassanta a 2020 na mahaɗai ne da matasan da ke ƙarƙashinsu. A irin wannan wuri shimfiɗar sama rabin magani ce kawai, domin gishirin yana zuwa har ta ƙasa, inda ba ta kai ba.

A Arewa da Nijar, nesa da teku, gishiri yakan shiga ne ta hannunmu: ruwan rijiya mai zartsi da aka yi kwaɓi da shi, ko yashin da ba a gwada ba. Wannan babu shimfiɗar da za ta fitar da shi, tunda tare aka zuba su. Sauran ɓarnar ta ruwan sama ce da zafi. Rana mai tsanani na tsaga kankare, ruwan Agusta na bin tsagar, iskar kabon kuma na aikinta a hankali. Sannan ga abin da kowa ke gani: rairayi da ledar fiya wata sun toshe ramukan magudana, ruwa ya kwanta a gefen gada kwana da kwanaki, har ciyawa ta tsiro. Mutum biyu da shebur da tsintsiya kafin damina sun isa su hana wannan. Mai karatu, in ka bi ta kan gadar garinku bayan an ɗauke ruwa, duba gefenta ka gani ko ruwan ya tafi ko yana nan.

Duk abin da muka faɗa a wannan babi rigakafi ne, yana aiki ne kafin kuloraid ya isa rodi. In ya riga ya shiga, ɗora shimfiɗa a kai ba ya tsayar da tsatsar da ta fara. Babi na gaba zai duba abin da ake yi a lokacin: yadda ake sa wa rodi 'yar wutar lantarki kaɗan ta hana shi tsatsa, dabarar da aka fara gwadawa a daben wata gada a Kalifoniya a 1973, da kuma rodin da gishiri ba ya ci da sauƙi. Za mu fara da wata doguwar gadar tashar jiragen ruwa a garin Progreso na ƙasar Meziko, wadda aka gama a 1941 da irin wannan rodi, har yau tana nan tsaye, alhali wata da aka gina a gefenta wajen shekara 30 bayanta da rodi na yau da kullum, kututturan ginshiƙanta kawai suka rage a cikin ruwa.